Duwatsu Huɗu da Aduwa Ɗaya

Ni ne mai sharar wurin nan.
Tsintsiyar kaba, bokiti, makulli mai tsatsa,
ubana ya miƙo mani ranar da gwiwa ta ƙi shi,
ya ce, Lawandi, kar ka bar tumaki su shiga.

Duwatsu huɗu ne, farare, a jere,
kamar haƙoran gaba na ɗan yaye.
Bisa kowanne an sassaƙa tsuntsu ya buɗe fiffike,
ƙarƙashinsa sunan da harshena ke tuntuɓe a kai.
Lamba kuwa ba ta da yare:
sha tara, ashirin da ɗaya, ashirin da uku, sha tara.
Autana ya girmi biyu a cikinsu.

Ba su ga abokin gaba ba.
Wannan shi ke tsaya mani a wuya.
Sun baro ƙasar sanyi, sun ƙetare ruwan gishiri,
an ce yaƙi na can gabas yana jiran su,
sai ga shi nan, bayan ganuwar Katsina,
ana cikin koyon tashi da sauka,
ƙarfe ya ƙi jin magana.

Kakata Iyatu na surfe a ranar.
Ta ce ƙarar ta faro kamar tarin tsoho,
ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa,
kuma shirun ya fi ƙarar ban tsoro.
Taɓarya na sama, ba ta kai ga saukewa ba,
jirgin ya faɗa geron Nomau.
Gero ya nuna, saura kwana goma a yanka.
Unguwa ta kwana da warin tumu da fetur.

Nomau na cikin gonar.
Korar tsuntsaye ya je,
ya gamu da wanda ba ya jin tsawa.

An yi masa sutura kafin la'asar:
itace, fasasshiyar tukunya, ƙasa, addu'a.
Damina uku ta shafe tudun.
Yau ko jikokinsa sai dai su nuna da haɓa,
wajen can, kusa da aduwa.

Su kuwa, shekara-shekara baƙo kan zo da mota,
da igiyar awo da burushi,
ya duba ko wani harafi ya goge, ya ɗauki hoto, ya tafi.
Sau ɗaya wata tsohuwa ta zo tana dogara sanda,
rana ta mai da wuyanta ja kamar gauta,
ta durƙusa gaban na uku.
Tafinta ya ce wanta ne.
Tana da shekara shida ya bar gida,
ya yi mata alkawarin gashin jimina.
Ta ɗebi ƙasa a kwalbar magani.
Ban san me ake ce wa irinta ba.
Na ce, sai haƙuri,
na jawo mata kujerata inuwar dalbejiya.

Ba na jin haushin duwatsun.
Kowa da uwar da ta yi naƙudarsa,
kuma ajali in ya kira, ba ya tambayar hanya.
Sai dai in na gama ba furanninsu ruwa
nakan rage rabin bokiti,
in tsallaka kwalta, in ratsa bayan masu faci,
in juye a gindin aduwa.
Wataƙila nan ne.
Wataƙila taku goma gaba.
Ƙasa ta san ajiyarta.

Yanzu manyan jirage ke tashi da alhazai,
su bi ta kanmu, mu shida,
huɗu masu suna, ɗaya marar tudu, da ni.
Nakan tsaya da tsintsiya a hannu
ina sauraro,
ba ƙarar ba, ko za ta ɗauke.
Sai gajimare ya haɗiye shi lafiya
nake sunkuyawa, in ci gaba da shara.